Na karya hannun maƙwabcina a kan wifi, ashe ba shi ba ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan na rasa yadda zan yi.

Ni malami ne a unguwar Briqueterie, kullum bayan la'asar ina koyar da 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje Alƙur'ani ta bidiyo. Wata biyu da suka wuce boks ɗin wifi na ɗakina ya fara ba ni wahala, ana tsakiyar aya sai hoto ya tsaya cak, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Na kashe na kunna, na soka allura a ramin bayansa, na matsar da shi bakin taga, na canza sim, duk a banza. Har iyaye biyu suka janye yaransu. Wani mai gyara a unguwar Messa ya ce wataƙila wani ke hawa min rezo, wato yana satar min wifi, in canza kod, lambar sirrin shiga. Na canza, bai daina ba.

To akwai maƙwabcina mahauci, bari in kira shi Sale, gidan haya ɗaya muke. Daidai wannan lokacin yake dawowa daga kasuwa ya zauna jikin bangona yana kallon waya. Zuciyata ta tsaya a kansa. Ranar Talata koneksiyon ɗin intanet ya yanke sau biyar, na fito a fusace na ce masa ɓarawo. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ni da nake da data a wayata?" Dariyar ce ta ƙarasa ni. Na fizge wayar na maka ta da ƙasa, ya ci kwalata, ni kuma hannuna ya faɗa kan taɓaryar matan gida. Na kai masa a ka, ya tare da hannun dama, da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Wallahi ban tsaya ba, na ƙara masa a goshi, jini ya rufe masa ido, matarsa na ihu, sai da mutum uku suka danne ni.

Na rantse wa dattawa cewa shi ke satar min wifi, saboda sunan malanta kowa ya gaskata ni. Dattawan masallaci suka hana shi zuwa komisariya wajen 'yan sanda, mai gidan hayar ya ce ya tashi ƙarshen wata, ba ya ajiye ɓarawo. Hannun da yake riƙe wuƙa ke nan, yana ɗaure, ba ya fita kasuwa.

Ranar Lahadi Sale ya tafi asibitin Tsinga a duba ɗaurin, ina cikin karatu koneksiyon ya sake yankewa. Na juya, sai na ga fitilun boks ɗin sun mutu gaba ɗaya, ga maiɗakina tana guga. Ashe abin guga da boks wayar wuta ɗaya suke, bakin ya saki, duk jan da ta yi sai boks ya mutu ya sake tashi. Na mayar da shi wani soket, har yau bai sake yankewa ba. Ta kalle ni ta ce, "Malam, ka ga abin da na gani?" Ta ce in ban faɗa ba kafin Juma'a, ita za ta je ta gaya wa matarsa.

Jama'a, in na faɗa zai iya sa a rufe ni, kuma wa zai sake ba ni ɗansa? In na yi shiru za a fitar da mutum da 'ya'ya huɗu da sunan sata. Ɗazu muka haɗu a bakin famfo yana fama da alwala da hannu ɗaya, shi ya fara yi min sallama. In same shi a ɗaki mu biyu, ko in miƙe a gaban dattawan da na yi wa rantsuwa?