Mai Bayani na Uku

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mama ma tana gaishe ku.

Yaya, na gama maƙalar nan da na shekara biyu ina fama da ita, kan ƙananan maɗaba'u da yadda masu su ke gyara wa marubuta littafi ba tare da an taɓa sa sunansu a bango ba. Jiya na tura wa mujalla. Ka san halin da nake ciki a jami'a. Kwamitin tabbatar da malamai zai zauna ƙarshen watan shida, maƙala uku suke so, ni kuwa biyu gare ni. In wannan ba ta shiga ba, sai dai in kwashe littattafaina in miƙa makullin ofis.

Ƙa'idar mujallar ita ce a cire duk abin da zai nuna wanda ya rubuta, don kada masu tantancewa su san ni, ni ma kada in san su. Mutum tara na yi hira da su, kowa na ba shi lamba. Baba ya zama "mai bayani na uku". Wallahi da ƙyar na goge sunansa. Shafi huɗu ne nasa, daga hirar da muka yi a shagonsa na ɗab'i kafin ya kwanta ciwo. Ya ba da labarin yadda ba ya ɗora littafi a kan inji sai ya zaunar da marubucin a benci, shi Baba ya karanta masa da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Duk inda ya yi tuntuɓe sai ya ce, "Malam, nan harshena ya ƙi, na mai saye ma zai ƙi."

Na so ka duba mini kafin in tura, tunda kai farfesa ne a wannan fanni, amma sau uku ina kira ba ka ɗaga ba. Na san tun rasuwar Baba tsakaninmu ba daɗi. Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ki gaida Mama.

Na ga wasiƙarki. Ayyuka sun yi mini yawa, shi ya sa ba ki same ni ba. Da kin same ni ma, ba na duba aikin 'yan uwa, domin ko dai in yi ƙarya a ji daɗi, ko in faɗi gaskiya a kai ƙarata wajen Mama.

Shawara ɗaya zan ba ki kyauta. Mujalla ba zaman makoki ba ce, ba a zuwa can a yi kuka. Duk abin da masu tantancewa suka ce ki yi, ki yi shi ba musu. Mai neman aiki ba shi da zuciya.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki

*

Zuwa ga Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna sanar da ke cewa masu tantancewa biyu sun kammala duba maƙalarki.

Na farko ya yaba, ya nemi ƙananan gyare-gyare kawai. Na biyu kuwa ya gindaya sharaɗi, ga abin da ya rubuta:

"Aikin yana da amfani in ban da shafi na goma sha ɗaya zuwa na sha huɗu. Mai bayani na uku ba edita ba ne, tsoho ne mai taurin kai wanda karatunsa bai yi nisa ba, yake ɗora wa marubuta laifin nauyin bakinsa. Tuntuɓen harshen mutum ɗaya ba hujja ba ce a ilimi. Ana jin cewa mai rubutun yana son wannan tsoho fiye da yadda yake son gaskiya. A cire shi baki ɗaya, har daga jadawali, masu bayani su koma takwas. In ba haka ba, ban amince a buga ba."

Ƙa'idarmu ita ce sai duka biyun sun amince. Kina da damar ƙin yarda, mu nemi na uku ya raba gardama, amma wannan kan ɗauki wata biyar zuwa shida. Idan gyaran ya iso mana cikin mako biyu, maƙalar za ta shiga fitowar watan biyar.

Ki huta lafiya.

Editan Mujalla

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, kaina ba daidai yake ba.

Ga kwafin wasiƙar edita nan na haɗo maka. Karanta ka ga abin da wani marar tsoron Allah ya faɗa a kan mahaifinmu. Nauyin baki! Mutumin da malaman makaranta ke bin layi a ƙofar shagonsa da takardunsu a hammata. Wannan mai tantancewa, ko waye shi, na tabbata bai taɓa shaƙar warin tawada ba, bai taɓa tsayawa kusa da inji yana aiki ba. Ya ɓuya a bayan labule yana zagin matacce. Ban yafe masa ba.

Amma Yaya, gaba kura ce baya sayaki. In na ce a nemi na uku, kwamiti zai zauna ya tashi ban da ni. Shugaban sashenmu ya karanta wasiƙar a tsaye, ya miƙo mini ya ce, "Malama, shafi huɗu ne fa, ba ƙafa aka ce a yanke miki ba." Na koma ofis na rufe ƙofa, na kunna hirar ina sauraron muryar Baba, inji na ƙara a bayansa, yana cewa in matso da abin ɗaukar maganar don kada a rasa ko kalma ɗaya.

Ka san mutanen nan, kuna haɗuwa a taruka. Don Allah ka yi wa editan magana, ko shafi ɗaya ne a bar mini. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ga maƙalar nan na dawo da ita. Na yi duk gyare-gyaren da aka nema. An cire mai bayani na uku daga rubutun da jadawali, an sake jera lambobin. Ina miƙa godiya ta musamman ga mai tantancewa na biyu bisa shawarwarinsa masu amfani, waɗanda suka ƙara wa aikin inganci.

Na gode.

Marubuciyar

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina taya ki murna, edita ya shaida mini maƙalarki ta shiga. Ban amsa wasiƙarki ta baya ba da gangan, ina so in ga iya gudun ruwanki.

Ni ne mai tantancewa na biyu. Edita bai san dangantakarmu ba, ya turo mini aiki ba suna kamar yadda aka saba. Tun a layin farko na shafi na sha ɗaya na gane bencin nan. Ni ma na zauna a kansa. Littafina na farko na kai masa da hannu biyu, ya karanta shafi biyu a gaban ma'aikatansa ya ajiye, ya ce harshensa ya ƙi. Ba ki sa wannan a bincikenki ba.

Kin tuna ranar rasuwar Baba? Na iso daga taro a makare, ko jakata ban ajiye ba, kika miƙe a gaban baƙi kika ce na yi karatu na goge Baba daga rayuwata don kada ya ɓata mini shafi. Shekara biyu dangi na kallona da wannan maganar. Ke ce 'yar halak, ni ne butulu.

To, an yi walƙiya. An ba ki mako biyu, kwana huɗu kika yi. Edita ya turo mini gyaran har da godiyarki, na karanta ta sau uku. Kin ce ba ki yafe mini ba, kin kuma ce na ƙara wa aikinki inganci. Laifi tudu ne, Auta. Ni taro ne ya hana ni zuwa da wuri, ke kuwa da hannunki kika cire shi, har kika ba wani lambarsa.

Af, shafukan nan huɗu su ne mafi kyau a maƙalar. Da kin tsaya a kansu, da na sa hannu washegari.

Kina iya kai ƙarata wajen edita, na karya ƙa'ida, ban musa ba. Sai dai ki sani za su janye maƙalar su sake tantancewa daga farko, kwamitinku kuma ba zai jira ki ba. Zaɓi ya rage naki, kin kuwa nuna kin iya zaɓi.

Ki gaida Mama.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga wasiƙarka.

Ban kai ƙara ba. Kwamiti ya zauna, an tabbatar da ni. Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, kuma zan mutu da shi.

Mujallar ta fito, na kai wa Mama kwafi. Ta rungume shi, ta ce a nuna mata wurin da Baba yake magana. Na ce mata kai ka duba aikin, kai ka san inda ka sa shi. Ta yi murna ƙwarai da jin mun shirya. Tana jiranka ranar Asabar, ta gayyato su Kawu da tsofaffin ma'aikatan shago su zo su ji ka karanta musu maganar Baba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Auta