Miyar adas da ba ta da ma'auni

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kwana shida kacal suka rage mini.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Shekarata hamsin da biyu, bara waccan na shiga ajin koyon karatu na manya, kuma wannan ce wasiƙa ta biyu da na rubuta a duniya. Autata ta sami aikin jinya a wani gari mai nisa, ranar Asabar za ta tafi. Wallahi murna nake yi, har makwabta sun gaji da jin labarin. Amma ta roƙe ni abu guda da ya hana ni sukuni: in rubuta mata yadda nake miyar adas, da hannuna.

Bari in faɗa miki tarihin miyar. Lokacin da jininta ya yi ƙasa, likita ya ce a riƙa ba ta adas, ɗan mitsitsin waken nan ja mai faɗi. Ban taɓa dafa shi ba. Na ɗauke shi kamar waken da na sani, na jiƙa shi, na bar shi a wuta awa biyu. Maigida kafinta ne, da ya ɗaga cokali ya ga abin ya ƙi saukowa, sai ya ce in ajiye masa ragowar zai liƙa ƙafar kujera. Yara suka yi ta dariya har da hawaye.

Daga baya na lura akwai bayanin yadda ake dafa shi a bayan ledar adas ɗin. Na zauna a bakin ƙofar kicin ina bi da yatsa, harafi bayan harafi, har na karance shi ni kaɗai. Ba zan manta daɗin da na ji ba. Na bi shi sak. Miya ta yi kyau a ido, amma a baki lami.

Wata rana ledar ta ɓata, sai na dafa da ka. Na soya albasa har ta yi ja, na sa tafarnuwa da citta, sannan karas da tumatir da ɗan dankali. Na wanke adas na zuba da ruwa. Da ya yi laushi na murƙushe rabinsa da bayan ludayi, na watsa alayyahu, na sauke, na matsa lemun tsami. Ranar har tukunya aka suɗe da burodi, mai maganar kujera kuwa sau uku ya miƙo kwano.

To ga damuwata. Ni ba ni da ma'auni. Gishiri a tafin hannu nake gani, ruwa kuwa har sai ya rufe gaɓar yatsata. Ta yaya ake rubuta wannan? Ga rubutuna kamar kaza ta yi tono, layi yana hawa yana sauka. Ita kuma cikin masu ilimi za ta zauna, ina tsoron ƙawayenta su gani su yi mata dariya. Har na yi tunanin in sayi wata ledar in kai wa mai shagon buga takardu ya kwafe bayanin tsaf, in ba ta. Yaya kika gani?

Uwar auta mai sabon biro

*

Uwar auta, barka da arziki, har biyu: aikin yarinya da kuma biron hannunki. Wasiƙarki na karanta ta tas ba tare da na yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don haka batun kaza mu ajiye shi gefe.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya. Yatsarki ba za ta bi ta garin ba, kuma wadda ta dawo daga aiki a gajiye tana bukatar ma'auni da za ta dogara da shi. Amma bayanin leda ba shi ta roƙa ba. Wannan ko'ina ta shiga kanti za ta samu, kuma ke da bakinki kin ce lami ne.

Ga abin yi. Kafin Asabar ku shiga kicin tare. Ki dafa yadda kika saba, kada ki canza komai. Duk abin da kika ɗebo, kafin ya faɗa tukunya, ki juye mata a cokali ko kofi ta gwada ta faɗa miki, ke kuma ki rubuta. Ruwan ma ku auna. Abin da ba ya aunuwa ki rubuta shi yadda kika rubuto mini: albasa har ta yi ja, a murƙushe rabi da bayan ludayi, lemun tsami sai an sauke. Ki ƙara da gargaɗin kada a jiƙa, kuma minti ashirin zuwa talatin sun isa, tunda can babu kujerar liƙawa.

Idan kin yi kuskure ki ja layi ki ci gaba. Idan mai ya ɗiga a takardar, ki bar shi. Ƙawayenta kuwa cin miyar zai ɗauke musu hankali. Kuma ki sani, ma'aikaciyar jinya ba ta rasa wanda zai buga mata takarda ba. Da gangan ta ce da hannunki: ta ga lokacin da ba ki iya rubutu ba.

Allah ya kai ta lafiya, ya sa albarka a aikinta. Ki sa hannu a ƙasan takardar, da cikakken sunanki.

Gwaggo