Albasar Da Kika Dasa

Zuwa ga Kausar, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe yana kallon hanya. Yaya Japan, yaya sanyin ƙauyenku, yaya ɗalibanki? Ki gaishe mini da tsohuwar nan maƙwabciyarki, wadda kike kira Obacan, kika ce kaka ke nan a bakinsu. Da Hausa na rubuto, ko da yake na san sai kin bi ta sannu a hankali kina motsa leɓe. Turancina na sayar da fure ne, ba zai iya ɗaukar abin da ke ƙirjina ba. Ke kika yi jami'a. Ni firamare na gama a Kura na faɗa fadama. Idan kin ga kuskure, Malama, kada ki sa mini jan biro.

Ya farar kurciyata, tun da kika tafi nake zaune a gari biyu. Jikina yana nan Beltsville ta Amurka, cikin rumfunan gilashin da muke rainon tsirrai, amma hankalina yana bayan kekenki mai kwando, yana bin ki ta tsakanin gonakin shinkafa har ƙofar makaranta. Duk hoton da kika turo sai na buɗe shi da yatsa biyu na leƙa kowace kusurwa. Na san inda kike cire takalmin waje ki sa na ciki. Na san yadda yaran suke ɗaura ƙyalle a ka su goge ajinsu da hannunsu, shugaban makaranta ma da tsintsiyarsa. Na san kina zuwa da naki abincin saboda naman alade, kuma yarinyar nan mai giɓi kullum sai ta leƙa kwanonki, har ranar da ta ɗanɗani yajinki ta zagaya aji da gudu. Na ga manyan kanyar nan da kuka fere ke da Obacan kuka rataye a igiya bakin taga, jere kamar fitilu. Na ga rubutun da kike koyo ranar Asabar, tawada baƙa da alƙalamin gashi, kin durƙusa kamar mai wanke allo. Har na lura yanzu idan za mu ajiye waya bayan hirar bidiyo sai kin ɗan sunkuyar da kai, ba ki ma san kina yi ba. Jerome abokin aikina ya ce wata rana zan shayar da wayar ruwa in kira tukunyar fure. Ban musa masa ba.

Kin tuna ranar da muka shiga jirgin ƙasa na Metro muka je Washington kallon furen ceri a bakin ruwa? Iska ta kaɗa, furen ya yi ta zubowa kamar ana sheƙar farar masara, guda ɗaya ya sauka a gefen mayafinki ya zauna. Hannuna ya tashi, na mayar da shi aljihu, don ban kai matsayin taɓa ko zaren mayafinki ba. Haka muka yi ta tafiya ina kishin fure. A nan kika gaya mini asalin itatuwan daga Japan aka kawo su, kuma kina son ki ga inda suka fito. Na yi dariya, na zaci zancen yawo ne. Ina na san iskar da ta zubo furen nan ita ce za ta ɗauke ki? Da za ki tafi kika ce shekarar karatu ɗaya ce, a Maris ake rufe makaranta, a Maris za ki dawo. Na ɗauki watan nan na rataye a wuya kamar laya.

To, zumar zuciyata, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hoton da kika turo ranar Lahadi, na lambun Obacan. Kina tsugune da safar hannu, kina dariyar da ke sa in manta sunana. Kika rubuta cewa kin sami sabon abin ɗebe kewa. Ni kuwa idona bai tsaya a fuskarki ba, karo na farko. Ya sauka a ƙasa. Baƙar leda ce shimfiɗe da huji a jere, kowane huji da siririn dashe. Albasa ce, Kausar. A kan fangalin kuma an kafa ɗan katako, da irin zanen da kika taɓa nuna mini kika ce sunanki ne da rubutunsu. Ba taya tsohuwa aiki kike yi ba. Naki ne.

Ba abin da na sani a duniya kamar albasa. A fadamarmu wata uku zuwa huɗu ta isa cira. Amma a ƙasar sanyi, irin nan da can, wadda aka dasa a Nuwamba kwanciya take yi ta jira sanyi ya wuce. Ba ta yin kai sai zafi ya shigo, lawashinta ba ya kwanciya sai wajen Yuni. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa ko zan sami wata amsa. Maris bai kai Yuni ba.

Wa yake dasa abin da ba zai tsaya ya cire ba? Wace tsohuwa ce za ta yanka wa baƙuwa fangali, ta kafa mata suna, idan ta san baƙuwar ta kusa ɗaure kaya? Ko dai kin amsa wa makarantar za ki ƙara shekara, bakinki ya yi nauyi ki gaya mini. Ko kuwa Obacan ce ta miƙo miki dashen, kika kasa ce mata tafiya za ki yi. Ke da kanki kika ba ni labari cewa mutanen can ba sa ce wa mutum a'a a fuska, sai su ja numfashi, su karkata kai, su bar shi ya gane da kansa, don kada su ɓata masa rai. Na yaba da halin a lokacin. Yanzu tsoro nake ji ko kin koye shi kamar yadda kika koyi sunkuyar da kai, ko hoton nan shi ne karkata kanki. Wayyo ni, tauraruwata, idan haka ne, na gane, amma ganewar ta fi jin maganar ciwo.

Ba na neman ki tsinke abin da kike so saboda ni. Na ga yadda fuskarki ta washe a can, irin washewar da ban taɓa gani ba a unguwarku ta Landover. Mai aikin shuka ba ya tuge tsiro yana tsakiyar kama ƙasa. Idan Yuni ne, zan jira Yuni. Idan wata shekarar ce cur, zan jira ta, in ci gaba da leƙen kusurwar hotuna, ba za ki ji ƙorafi daga bakina ba. Jira ba ya ba ni tsoro. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne rashin sanin ko ni ake dawowa wa. Ki gaya mini da bakinki, Kausar, irin faɗin mutanenmu, ko da Turanci ne zan nemi mai fassara.

Kuma ba ni kaɗai nake jira ba. Kawuna Ladan, wanda ya riƙe ni tun zuwana ƙasar nan, na riga na gaya masa maganarmu. Ya amince zai je wajen Abbanki neman izini kafin ki sauka. Kin san ba ƙaramin abu ba ne mai ɗaukar tukwanen fure ya aika neman aure gidan likita kamar Abbanki, amma Kawu ya ce shi zai shige gaba. Ya kai babbar rigarsa wajen wanki da guga, ta dawo, tana rataye a bayan ƙofarsa cikin leda. Ranar Juma'a da muka fito masallaci ya tambaye ni wace rana za a sa. Na ce masa zan tambaye ki.

Shi ne nake tambaya. Ya cire rigar daga leda, ko ya mayar da ita akwati? Duk wadda kika zaɓa, ba zan kai shi wata ƙofar ba.

Naki a Maris, naki a Yuni, naki muddin ina numfashi,

Misbahu