Kyamarar Hamma da Fuskar Inna

Batsari

Zuwa ga ƙanwata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Inna da mutanen Tsaskiya kuna lafiya. Ya damina, ya kuma haƙuri da wannan hali da muke ciki?

Tunda aka rufe layin waya mun koma takarda, sai ki jure rubutun malamin makaranta. Albishirinki, an ba ni shugabancin makarantarmu. Ɗan da ya tashi a bayan shanu yau shi ne hedimasta, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Ga kyamarata nan na ba Ɗanjuma direba ya kawo miki. Abu ɗaya nake so, hoton fuskar Inna, in rataya a ofis. Kin san ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Na san kunya ce irin tamu, ban ga laifinta ba. Amma in na rufe ido in tuno mahaifiyata, gefen mayafi kawai nake gani. Ga hanya ba tsaro, ga ta tana tsufa.

Ki kula da kyamarar, ba irin ta kowa ba ce.

Yayanki,
Mannir

*

Tsaskiya

Hamma Mannir, ranka ya daɗe, hedimasta!

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai shanu ba sa nisa da gida yanzu. Da na ba Inna labarinka, ko kai ba ta ɗaga daga kaɗa nono ba. Ta ce, "To, Allah ya taya mutumin Batsari riƙo." Amma ranar dambu ta yi, har maƙwabta suka samu.

Kyamararka kuwa da ba irin ta kowa ba, lallai haka ne. In na danna sai ta tsaya tunani kamar tsohon da aka tambaya shekarunsa. Kafin ta yanke shawara Inna ta juya. Yanzu ina da hoton ƙeyarta, da na ƙwaryar nono, da wutsiyar saniya mai kyau wadda za ta dace da ofishinka.

Na kuma yi wauta, na gaya mata wanda zai rataya hoton. Ta ce, "Wato in zauna a bango ina zuba masa ido wuni guda? Ba da ni ba."

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Bushira

*

Batsari

Bushira,

Bayan gaisuwa. Kyamarata lafiyarta ƙalau, hannunki ne bai iya ba. Ki karanta a tsanake.

Kada ki danne maɓallin gaba ɗaya. Ki danna rabi, ki riƙe, sai kin ji ta yi ƙara kaɗan, ta nuna kore. Wato ta gane abin da take kallo, sannan ki ƙarasa. Ki kashe filasha, don jiran ta cika shi ke cin lokaci. Ki fito da Inna tsakar gida inda akwai haske, a cikin ɗaki kyamara lalube take yi. Ki goge wutsiyar saniyar da sauran shirmen, memori in ya cika nauyi yake yi. Batir ma in ya yi sanyi komai ja da baya yake, ki kai shi caji.

Dubban hotuna na ɗauka da ita a bikin yaye ɗalibai, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ki gaida Inna, ko da ba za ta amsa ba.

Mannir

*

Tsaskiya

Hamma,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi karatunka tsaf, kuma na sara maka, kyamara ta warke. Jiya har ɗan akuya na kama a sama yana tsalle. Sai dai Inna ta fi ta sauri. Da ta ga na ɗaga hannu mayafi ya sauka.

Kawu Daudu ya ce da an gama girbi za mu tattara mu koma Safana, zaman nan ya ƙi. In kana son ka ga gidan da aka haife ka da mutane a ciki, ka zo.

Bushira

*

Batsari

Bushira,

Na dawo daga Tsaskiya lafiya, alhamdu lillahi. Kin dai ga yadda aka yi. Na sa babbar riga, na ratso wannan hanya cikin fargaba, na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi bango ta ce, "A ba baƙo fura." Na san al'ada ce, amma ta yi mini ciwo, har na kasa shan furar.

Ki maido mini kyamarata. Na haƙura da hoton.

Mannir

*

Tsaskiya

Hamma,

Bayan gaisuwa, ga kyamararka nan. Kafin ka jefa ta akwati, ka duba hoto na ƙarshe.

Ranar da za ka tafi, na so in ɗauke ka a ƙofar gida cikin babbar rigar nan, Inna na gefe a bakin zana ta sunkuyar da kai. Duk dokokinka na karya. Mai cajin garinmu ya yi ƙaura, batir ya kusa mutuwa, filasha ta kunna kanta, ni kuma don sauri na danne maɓallin gaba ɗaya. Kyamarar ta ƙi ɗauka. Ka ce, "Ke dai ba ki jin magana," ka juya ka nufi motar Ɗanjuma. Ina shirin sauke hannu sai ta haska.

Kai ba ka fito ba, sai bayanka, shi ma dishi-dishi. Amma ka dubi bakin zana. Inna ta zaci an gama, ta ɗago. Hamma, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Haɓa a sama, ido a kanka, tana murmushi kamar ita aka ba makarantar.

Ashe duk tafiyar da kake yi haka take raka ka, in ka ba da baya.

Ƙanwarka mai hannun da bai iya ba,
Bushira

*

Batsari

Bushira,

Na gani. Na rufe ofis na daɗe ina gani.

Na wanke shi, amma ba zan rataya ba, tunda ta ce ba ta so. Yana cikin aljihun rigata. Kada ki gaya mata.

In na zo Safana, ki bar ni in tafi a hankali, ba zan waiwaya ba.

Ɗan farin Inna,
Mannir