Ayoyin da Hafsatu Ba Ta Tsallake Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya Yaya Binta da yara? Mu nan Jos Jarawa lafiya lau, sai Hafsatu da ko abincin kirki ba ta ci tun ranar da ta yi maka karatu ta waya ka ce ta tsallake ayoyi.

Yaya, ina gefenta riƙe da Alƙur'ani. Ko harafi ba ta bari ba.

Maƙwabciyata Maman Nanret, mai koyar da kwamfuta, ta ce wai waya daddatsa murya take yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da lambarsa da adireshinsa, can a sake jera su. In kira ne, wanda ya ɓace a hanya ba a jiransa. Na ce, "Har maganar Allah?" Ta ce, "Hajiya, waya ba ta san bambanci ba." Tir! A yanka ayoyi kamar nama a kasuwar Laranto, a zubar da wasu, a bar yarinya da laifi.

Maman Nanret ta ce saƙon murya cikakke yake isa, don haka mun naɗi karatun Hafsatu mun tura maka. Don Allah ka saurara. Na lallashi Hafsatu, amma bakinka take jira.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi