Filafilin Baba Gida Biyu

Maliki,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sanyin ƙasar nan ne dai ya shige mini ƙashi, kada ka gaya mata.

Filafilin marigayi Baba da na roƙa ya iso, gida biyu. Wai gidan waya sun ce ya yi tsawo, sai ka sa mai zarto! Abin da ya tuƙa jirgi da shi daga Yelwa har Wara, ya ciyar da mu? Ai da ka bar shi ɗakin Inna har in dawo.

Allah shi ƙara mata lafiya. Kai kam ban huce ba. Daidai inda hannun Baba ya cinye icen ka yanka, wurin kuwa nake son taɓawa.

Yayanka,
Sufyanu