Saniyar Mma da Mujallar Ƙwaƙwalwa

Anti Husseina, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni likita ce a nan Tamale. Ƙanena Majeed ya rasu da wata cuta wadda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa ƙwaƙwalwa. A garinmu Gbalahi cewa aka yi aljanu ne, har da igiya aka ɗaure shi. Abin da ya sa na duƙufa binciken cutar ke nan, yanzu na gama rubutawa. Sai ga saƙo daga wata mujallar waje, tana ta kambama kanta: wai ta fi kowa tasiri, masana na ambatonta ko'ina, za ta buga mini cikin mako guda in na biya. Kuɗin kuwa, Anti, ba a magana! Na yi suɓutar baki a gaban mahaifiyata, Mma Adiza. Da ta ji "bugawa" sai ta ɗauka jarida ce da za a karanta a rediyo, duk gari ya ji ɗanta ba mahaukaci ba ne. Yanzu ta kafe sai ta sayar da saniyarta, wadda da nononta take yin cukun wagashi, wadda Majeed ya rena tun tana maraƙa. Wallahi tausayinta nake ji. Na kasa cewa a'a, na kasa cewa to.

Yayar Majeed, unguwar Sakasaka, Tamale

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Majeed.

Kada a taɓa saniyar nan. Ba a sayen dabba da bakin dillali, sai an buɗe bakinta an ga haƙora. Mujallar da ta ce mako guda, yaushe masana suka tantance aikinki? Je ɗakin karatu na jami'a a duba miki ko tana cikin jerin mujallun da aka yarda da su, kuma ko tasirin da take iƙirari gaskiya ne. Karɓar kuɗi ba laifi ba ne, na ƙwarai ma suna karɓa. Amma da dama kan rage wa masu bincike daga ƙasashenmu in an roƙa, wasu ma kyauta suke bugawa. Za ki jira, amma aikinki zai yi daraja.

Mma kuwa tana da gaskiyarta, sai dai abin da take nema babu mujallar Turanci da za ta ba ta. Ki fahimtar da ita a hankali. Sannan ki je Gbalahi ki tara maƙwabta a ƙofar gida, har waɗanda suka kawo igiyar, ki yi musu bayanin cutar da Hausa da Dagbanci, Mma na zaune kusa da ke.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya bar mata saniyar Majeed.